Taku na 55: abin da ya faru tsakanin Ding da Gukesh, da yadda ake bitar wasan manya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Gombe, a Jekadafari nake zaune, shekarata biyu ina buga ces (chess), yawanci a waya. Na koma na kalli wasan ƙarshe na gasar duniya tsakanin Ding Liren da Gukesh. Injin yana nuna canjaras har taku na 54, sai Ding ya kai ruk ɗinsa f2, nan take komai ya rushe. Abokaina a majalisa suna cewa sayar da wasan ya yi, wai ko mu ba za mu yi wannan kuskuren ba. Shin haka ne? Sannan ni in na bi wasan manya ba na ƙaruwa da komai, sai dai in ga sandar injin tana hawa tana sauka. Yaya ake bitar irin wannan wasa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya ƙara basira. Tambaya biyu ka yi, ta kuskuren Ding da ta yadda ake bita, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin duk wanda ya iya bitar wasa ba zai yarda cewa taku na 55 daga sama ya faɗo ba. Saboda haka zan bi wasan da kai tukuna, sannan in gaya maka yadda muke yi da yaran da nake koyarwa. Ka ɗauko allo na gaske ka jera 'ya'yan kafin ka ci gaba da karatu. In babu, ka buɗe allo a waya amma ka kashe injin, wato manhajar da ke lissafa taku, sandarta tana nuna wa ke gaba. Zan rubuta taku da haruffan da ka saba gani: K sarki, Q sarauniya, R ruk, B bishof, N doki, soja kuwa ba shi da harafi sai sunan gidan da ya taka, x alamar ci ce, + kuma alamar cek, wato an kai wa sarki hari.

Halin da aka shiga ɗakin da shi

An buga gasar a Singafo daga 25 ga Nuwamba zuwa 12 ga Disamba 2024, wasa 14. Ding Liren na ƙasar Sin ne ke riƙe da kambun, wanda ya ɗauka a Astana a 2023 bayan Magnus Carlsen ya ce ba zai kare shi ba. Gukesh Dommaraju, ɗan Chennai a Indiya, mai shekara 18, ya sami damar ƙalubalantarsa ne da ya lashe gasar 'yan takara a Toronto a Afrilun 2024. Ding ya ci wasa na 1, Gukesh ya rama a na 3, aka jera canjaras bakwai, Gukesh ya ci na 11, washegari Ding ya farke a na 12 da wasa mai kyan gaske, na 13 kuma aka tashi babu wanda ya ci. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe kowa yana da maki 6.5, Ding kuma shi ke da farare.

Ga abin da sandar injin ba za ta taɓa nuna maka ba. Da an tashi canjaras a ranar, washegari za a raba gardama da wasan sauri. Ding ta wannan hanyar ya doke Ian Nepomniachtchi a 2023, kuma a wasan sauri makinsa ya fi na Gukesh. Wato a wurin Ding canjaras kusan riba ce, a wurin Gukesh kuwa abin gudu ne. In ka riƙe wannan, takun Ding da yawa da ka ga kamar na ragwanci za su yi maka ma'ana. Sai kuma agogo: kowa yana da awa biyu na taku 40 na farko, sannan minti 30 na sauran wasan, da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku daga na 41. Duk tsawon gasar Ding ya fi Gukesh cin lokaci, kuma haka aka yi a wannan rana ma.

Inda wasan ya fara karkata

An buɗe da 1.Nf3 d5 2.g3 c5 3.Bg2 Nc6 4.d4, irin tsarin Grunfeld amma a juye, fari ne ke buga shi. Ba zan tsaya a buɗin ba, domin ba a nan aka ci ba. Abin lura shi ne daga wajen taku na 19 zuwa na 22 Ding ya zaɓi hanyar musaya: dawakai suka fita, bishof ɗaya na kowane ɓangare ya fita, allon ya yi fili. Da ya ga dama da ya bar 'ya'yan a kan allo ya ci gaba da matsawa, ga bishof ɗinsa na g2 yana haska dogon layin karkace. Bai yi haka ba, sai ya kama hanyar gida.

Ni a wurina takun da ya fi muhimmanci a wasan shi ne na 26. Gukesh ya tura sojansa b4, Ding ya buga a4. Gukesh ya ci a wuce, 26...bxa3, wannan cin da ake yi wa sojan da ya tsallake gida biyu ya gifta ta gefen naka. Daga nan aka bi 27.Rxa3 g6 28.Qd4 Qb5 29.b4 Qxb4 30.Qxb4 Rxb4 31.Ra8 Rxa8 32.Bxa8. Ka tsaya ka ƙirga abin da ya rage a allonka. Fari yana da ruk, bishof da soja biyu a f2 da g3. Baƙi yana da ruk, bishof da soja uku a f7, g6 da h7. Bishof ɗin duka biyu a fararen gidaje suke tafiya. Ding ya ba da soja ɗaya da saninsa, don a share ɓangaren sarauniya gaba ɗaya a koma faɗa a gefe guda, uku da biyu.

A ilimin ƙarshen wasa wannan matsayi canjaras ne, injin bai yi maka ƙarya ba. Amma canjaras iri biyu ne. Akwai wanda ko barci kake ba za a ci ka ba, akwai kuma wanda ɗaya ke zaune a inuwa yana gwada ƙofa bayan ƙofa, ɗayan yana tsaye a rana yana tarewa. Daga taku na 32 sakamako biyu kawai ya rage a wasan: ko canjaras, ko Gukesh ya ci. Babu ta inda Ding zai ci, babu kuma abin da Gukesh zai ji tsoro. Injin yana rubuta 0.00 ga duka biyun, domin shi ba ya gajiya, ba ya kallon agogo, kuma bai shafe kwana 18 yana kwana da tunanin mutum ɗaya ba. Mai dara a bakin kasuwa ya san wannan: gida yana iya zama a tsare, amma in kai kaɗai ke toshewa taku bayan taku, wata rana hannu zai kuskure rami.

Gukesh ya yi abin da ya kamata. Ya tura sojoji a hankali, g5, h5, g4, bai yi gaggawar musayar komai ba. Ding ya buga 45.f3, aka yi f5 46.fxg4 hxg4, aka rage soja ɗaya ɗaya, wanda a ƙa'ida alheri ne ga mai karewa. Yanzu Ding yana da soja guda a g3, Gukesh yana da biyu a f5 da g4. Sai dai f3 ɗin nan ta buɗe sahu na biyu, kuma da 48.Kf2 Rd2+ 49.Kg1 ruk ɗin Gukesh ya zauna a wannan sahu ya kulle sarkin Ding a sahun baya. Ka kuma tuna da dokar taku 50: sai an yi taku 50 babu ci babu motsin soja kafin mai karewa ya nemi canjaras. Cin ƙarshe a taku na 46 aka yi shi. Ke nan Gukesh yana iya ta juya shi har wajen taku na 96, ga Ding da kusan minti goma a agogo, Gukesh da kusan awa guda. Mutumin da ke cikin wannan hali abu ɗaya yake nema, hanyar da za a gama yanzu.

Taku uku da suka haɗu

A nan nake so ka rage gudu. Bishof ɗin Ding yana b7. Bayan 52.Ra4 sai Gukesh ya buga Rb2, ruk ya hari bishof ta layin b. Dole bishof ya tashi ko a tsare shi. Yana da gidaje da dama, ciki har da c6 da g2, Ding ya kai shi a8. Injin bai ko motsa ba, har yanzu canjaras. Amma ka ɗora yatsanka a kan a8 ka duba. Bishof a tsakiyar allo hanya biyu gare shi, in an tare ɗaya ya bi ɗaya. A lungu hanya ɗaya tak gare shi, daga a8 zuwa h1. Da a c6 yake, in an ƙalubalance shi a dogon layin sai ya zame ta b5 ko e8 ya tsira. A a8 babu ƙofar baya.

Sai 53...Kf6 54.Rf4 Ke5. Wannan Ke5 kamar ba komai, sarki ne ya matso tsakiya kamar yadda littafi ya ce. Amma daga e5 sarkin yana tsare gidan d5. Taku ɗaya kafin nan, in bishof ɗin Gukesh ya je d5 kyauta za a cinye shi. Yanzu yana da mai tsaron baya.

Sannan 55.Rf2. Ka fahimci cewa dabarar kanta daidai ce, kuma wannan ne abokanka ba su gani ba. In aka cire ruk biyun aka bar bishof da soja ɗaya a gaban bishof da soja biyu, canjaras ne mai sauƙin riƙewa, sarkin Ding ya fita daga kurkuku, ba sauran cek, a tashi a je wasan sauri. Dabarar da Ding ya daɗe yana nema ke nan. In ka ɗauke bishof ɗin daga a8 ka ajiye shi a c6 ka buga Rf2 ɗin nan, babu laifi a cikinsa. Abin da ya ɓata shi gida ɗaya ne. Bayan 55...Rxf2 56.Kxf2 Bd5, bishof na a8 in ya je b7 a ci shi, in ya je c6 a ci shi, in ya zauna a ci shi. Dole ya ci d5, sarki ya rama. Musayar da Ding ya yi niyya ɗaya ce, aka tilasta masa ta biyu.

Ranar ina makaranta, don da ƙarfe goma na safe a agogonmu ake fara wasan. Na dawo daga sallar azahar ga hazon hunturu ya rufe gari, na tarar da yarana uku sun kewaye wayata a ofishin malamai, mun riga mun fara maganar wasan saurin gobe. Da Ding ya ajiye ruk a f2, na ce musu shi ke nan, ya samu abin da yake so. Ban ga Bd5 ba sai da sandar ta faɗi, kuma shekara sama da ashirin ina buga wasan nan. Gukesh da kansa ya faɗa bayan wasan cewa da farko bai lura ba, har ya kusa kauce wa musayar da Rb3, sai daga baya ya ga bishof ɗin ya maƙale. To in wanda ke zaune a gaban allon, da awa guda a agogonsa, sai da ya sake kallo, ka tambayi abokanka ko sun ga kuskuren ne kafin sandar ta faɗi ko bayan ta faɗi.

Sarakuna biyu ido da ido

Sauran wasan taku biyu ne, amma a nan darasin da zai ƙara maka maki yake. Bayan 57.Bxd5 Kxd5 sarkin fari yana f2, na baƙi yana d5, sojan fari a g3, na baƙi a f5 da g4, fari ne zai taka. Ding ya buga 58.Ke3, Gukesh ya amsa da Ke5, Ding ya miƙa hannu.

Me ya sa ya sallama alhali babu cek, babu sarauniya? Sarakunan suna fuskantar juna da gida ɗaya a tsakani, kuma a irin wannan tsayuwa wanda takun ya faɗa kansa shi ne zai kauce. Gaba kura baya sayaki. In fari ya je Kf2, baƙi ya buga Kd4, fari Ke2, baƙi Ke4, an sake fuskantar juna kuma fari ne zai kauce. Daga nan Kf2 Kd3, sarkin baƙi ya zagayo ta e3, e2, f3 har ya cinye sojan g3. In kuma fari ya je Kd3, sai f4, in ya ci a rama da Kxf4, sarkin baƙi ya riga shi zuwa g3 ya share wa sojansa hanya.

Yanzu ka yi abu ɗaya. Ka bar komai yadda yake, sarki a e3 da sarki a e5, amma ka ce baƙi ne zai taka. Ka gwada cin wasan. Ba za ka iya ba. In ka je d5 fari ya tare ka a d3. In ka yi nisa zuwa c4 don zagayawa, sarkin fari ya faɗa f4 ya cinye maka sojoji. In ka tura f4 da wuri, a yi musaya, sarkin fari ya koma g2 da g1 ya tsaya a gaban sojanka. Canjaras. Haka nan da sarkin Ding a e2 yake lokacin da na Gukesh ya sauka a d5, da ya taka d3 ya tsira. Daga f2 ba a kai d3 a taku ɗaya. Kambun duniya ya tafi a kan tazarar gida ɗaya da kuma wa zai taka. Gukesh ya ci 7.5 da 6.5, ya zama zakara na 18 kuma mafi ƙarancin shekaru, ya wuce Garry Kasparov wanda ya ɗauka yana da shekara 22 a 1985.

Batun sayarwa

Ba abokanka kaɗai suka faɗa ba. Shugaban hukumar ces ta Rasha, Andrei Filatov, ya nemi FIDE, hukumar ces ta duniya, ta bincika, shugaban FIDE Arkady Dvorkovich kuma ya yi watsi da zancen, ya nuna cewa kuskure wani ɓangare ne na wasa. Ni ban yarda da zargin ba ko kaɗan, kuma dalilina yana kan allo. Mai niyyar ba da wasa ba zai farke a wasa na 12 ba, ba zai tsira da ƙyar a na 13 ba, ba zai kare matsayi mai wuya na taku ashirin da wani abu ba sannan ya zaɓi kuskuren da sai an haɗa bishof a lungu, sarki a e5 da lissafin wa zai taka kafin ya zama kuskure. Kuma zargin mutum da cin amana ba tare da hujja ba abu ne mai nauyi, ko da a majalisa ne, ko da wanda ake zargin yana can Sin bai san da mu ba.

Manya sun sha yin abin da ya fi wannan muni. A Havana a 1892 Mikhail Chigorin yana kan gaba a wasa na 23 da Wilhelm Steinitz, ya janye bishof ɗin da ke tsare masa gida, aka yi masa mat, wato aka kama sarkinsa ba mafita, a taku biyu, gasar duniya ta ƙare a nan. A 2006 a Bonn Vladimir Kramnik, yana zakaran duniya, ya bar wa kwamfutar Deep Fritz mat a taku ɗaya. A Sochi a 2014, wasa na 6, Carlsen ya yi kuskure babba a taku na 26, Viswanathan Anand bai gani ba ya buga wani abu dabam cikin sauri. Gwani ba ya lissafa kowane taku daga tushe. Yana tafiya ne da abin da idonsa ya saba, ya san ƙarshen bishof irin wannan canjaras ne, hannu ya tafi. Galibi wannan sabon ne ke sa ya fi mu. Ran da gajiya da agogo suka haɗu, shi ne kuma ke kayar da shi.

Yadda nake bita

Abin da ya hana ka ƙaruwa shi ne kana ganin amsa kafin ka ji tambayar. Sandar injin tana gaya maka wa ke gaba, ba ta sa ka tunani, kuma tunanin ne ake nema. Ga yadda muke yi ranar Asabar da la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar makaranta.

Nakan rubuto takun wasan a takarda tun daga gida. Yara su jera allo, in rufe takardar da wata, mu zaɓi ɓangare ɗaya, mu ce yau mu ne Ding. Buɗin wasa mukan wuce shi da sauri, taku goma ko sha biyu, sai dai in tambaye su ina kowane bishof yake kallo, wane soja ne ya ci gaba. Daga nan kowane taku sai kowa ya rubuta nasa a littafi kafin in buɗe. Rubutun dole ne. In ba a rubuta ba, da an ga takun gwani kowa zai ce ai shi ma abin da ya yi tunani ke nan. In naka ya saɓa da nasa, kada ka ce kai ne ka yi kuskure tukuna. Ka sa alama, ka rubuta dalilinka a layi ɗaya.

Ba kowane taku ne ya cancanci minti goma ba. A wasa mai taku 58 wuraren da aka yanke shawara ta gaske ba su fi biyar ko shida ba, kuma suna da alamu. Duk inda za a yi musayar da ba ta dawowa, musamman ta sarauniya ko ta ɗan ƙarshe da ya rage. Duk inda soja ya motsa ya canja fasalin allo, domin soja ba ya komawa baya. Duk inda ɗan wasa ya daɗe yana tunani, shi ya sa nake son rubutun da ke ɗauke da lokacin kowane taku. A wasan nan ni wuraren da na sa wa alama su ne musayar da ta fara a taku na 19, a4 a na 26, f3 a na 45, Ba8 a na 53, sai Rf2. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan sandar injin ko dai ba ta motsa ba ko ta ɗan girgiza kawai. Wanda ya bi sandar guda ɗaya zai gani.

A kowane irin wuri ina sa su amsa tambaya uku da baki: me abokin karawa yake barazanar yi, wane ɗa nawa ne ya fi zama a mugun wuri, kuma in aka share allon aka bar sarakuna da sojoji wa zai ci. Da wani ya yi tambaya ta biyu a taku na 54 da ya ga bishof na a8. Ta ukun kuwa na koye ta da tsada. Shekarun baya a wata gasa a Bauci, zagaye na ƙarshe, ina ƙasa da soja ɗaya a ƙarshen ruk wanda na san canjaras ne. Na gaji, motar komawa Gombe tana jirana, abokin karawata ya miƙo musayar ruk na karɓa ba tare da na ƙirga ba. Taku shida bayan nan sarkinsa ya tsaya a gaban nawa kuma ni zan taka. Har muka wuce Alkaleri ina jera matsayin a kaina, ina ganin gidan da ya kamata ruk ɗina ya tsaya. Tun ranar na kafa wa kaina doka, ita nake ba yara: kada ka musanya ɗanka na ƙarshe sai ka ƙirga ƙarshen sojojin har zuwa inda wani ya yi sarauniya ko aka kulle. In lokaci bai isa ka ƙirga ba, kada ka musanya.

Sai bayan duk wannan ake kunna injin. Injin Stockfish kyauta ne, yana cikin shafin ces na Lichess, ba ya cin data mai yawa. Kada ka tsaya a lambar da ya ba ka. Ka je wuraren da ka sa wa alama, ka buga masa takunka, ka ga da me zai amsa, ka ci gaba har ka gane da idonka abin da ya lalace. In ya ce takunka da na gwani bambancinsu kaɗan ne, ka tambayi kanka wanne ya fi sauƙin bugawa ga mutum mai minti goma. Akwai kuma rumbun ƙarshen wasa, inda kwamfuta ta riga ta warware duk matsayin da 'ya'yansa ba su wuce bakwai ba, har da sarakuna. A wasan nan kafin taku na 55 'ya'ya tara ne a allo, bayan 56.Kxf2 sun zama bakwai, don haka daga nan Lichess zai nuna maka hukunci tabbatacce a kan kowane taku. Ka yi wasa da shi, ka matsar da bishof daga a8 zuwa wasu gidaje ka ga inda hukuncin ke juyawa.

Dole in gaya maka iyakata. Ni malamin makaranta ne mai koyar da yara, ƙarfina bai kai kusa da na mutanen nan ba. Abin da na faɗa a kan ƙarshen wasan na tsaya a kansa, don ana iya ƙirga shi. Hukuncina a kan a4 ra'ayi ne, kuma wani zai ce maka Ding ya yi daidai tunda matsayin canjaras ne kuma saura ƙiris ya riƙe shi. Yana da hujja. Ni dai ina ganin wanda ya zaɓi ya kare awa biyu don gudun faɗan minti talatin ya sayi wahala da tsada.

Kuma a matakinka kada wasan zakarun yau ya zama abincinka na kullum. Biyu masu ƙarfi ɗaya suna toshe wa juna dabara tun ba ta fito ba, sai ka ga taku ba ka ga dalilinsa ba. Ka haɗa da tsofaffin wasanni inda gwani ya samu wanda bai kai shi ba, dabarar ta fito fili daga farko har ƙarshe. Wasan Paul Morphy na gidan opera a Faris a 1858 taku 17 ne kacal, ya isa ya koya maka fito da 'ya'ya da wuri. Na José Raúl Capablanca, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, su za su koya maka ƙarshen wasa. Wasa ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, da allo da biro, ya fi maka ashirin da za ka zura da yatsa a waya.

Na wannan makon kuwa ka riga ka samu. Ka kai allon majalisarku bayan isha'i, ka jera matsayin bayan 54...Ke5: farin sarki g1, ruk f4, bishof a8, soja g3, baƙin sarki e5, ruk b2, bishof e6, sojoji f5 da g4. Ka ba wanda ya fi ƙarfin cewa an sayar farare, ka sa masa minti goma a agogon waya, kai ka ɗauki baƙaƙe ka yi ta juya shi ba tare da gaggawa ba. In kun gama ku juya allon, kai ma ka zauna a kujerar Ding. Ka rubuto mini a taku na nawa kowannenku ya fara neman musayar ruk, da kuma inda bishof ɗinsa yake a lokacin.